MAITATSINE: AN ƘONE GAWAR, SUNAN YA ƘI ƘONEWA

GABATARWA

Akwai mutanen da akan binne su tare da sunansu, in aka yi sadakar arba'in sai zancensu ya bi ruwa. Akwai kuma waɗanda ƙasa kan rufe idonsu, amma sunan ya ci gaba da yawo kasuwa-kasuwa, zaure-zaure, har ya isa garuruwan da mai shi bai taɓa takawa ba. Muhammadu Marwa, wanda duniya ta fi sani da Maitatsine, yana cikin kashi na biyu. A birnin Kano ya zauna, a can kuma ya mutu cikin watan Disamba na 1980, amma har a garinmu Dandin Mahe, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, na tashi na tarar da sunansa a bakin mutane, alhali kuwa an haife ni fiye da shekara ashirin bayan mutuwarsa.

Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun wannan suna, in nuna wa mai karatu inda ya shiga cikin harshenmu, da inda ya shiga cikin siyasarmu, da kuma waɗanda har yau ke biyan bashin da ba su ci ba saboda shi. Abin da na fahimta kuwa shi ne, mun gaji tsoron Maitatsine cikakke, amma darasin da ke tattare da shi mun bar shi cikin kundin gwamnati ƙura na ci.

WANE NE SHI?

Mutumin Marwa ne, wani gari a arewacin Kamaru, daga nan ya samo sunansa. Ya shigo Kano wajen 1945 a matsayin malamin allo mai wa'azi. Tun da wuri wa'azinsa ya saɓa wa na sauran malamai, domin cike yake da zagi da tsinuwa, har abin ya kai a 1962, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, aka gurfanar da shi gaban alƙali, aka ɗaure shi, sa'an nan aka kore shi zuwa ƙasarsu. Da aka sauke Sarki Sanusi a 1963, ba a daɗe ba sai ga shi ya sulalo ya komo. A cikin shekarun 1970 ya sake shiga kurkuku ya fito, kuma kowane ɗauri sai ya ƙara masa kwarjini a idon mabiyansa.

Ya kafa sansaninsa a unguwar 'Yan Awaki. Koyarwarsa ita ce, duk wanda ya karanta wani littafi ban da Alƙur'ani ya kauce hanya, har hadisan Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) bai ƙyale ba. Ya la'anci mai ɗaura agogo, da mai sauraron rediyo, da mai hawa keke ko mota. Daga baya ma ya kai kansa matsayin da babu Musulmin da zai yarda da shi, watau da'awar annabci. Almajiransa suka yi ta yawaita har suka kai dubbai, suka mamaye gidajen maƙwabta da filayen da ke kewaye, suka mai da unguwar wata ƙaramar daula wadda ɗan sanda ba ya shiga.

A nan ya kamata in tsaya in bambance wani abu. Turawa suna da irin nasu gawurtaccen makashin, mai bin dare shi kaɗai yana kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda suka laƙaba wa Jack the Ripper, da ya yi ta yanka mata a unguwar Whitechapel ta birnin Landan a 1888, ba a kuwa taɓa kama shi ba. Har yanzu ana rubuta littattafai a kansa, ana kai baƙi yawon buɗe ido lungunan da ya yi ta'asarsa. Namu ya sha bamban da wannan. Wuƙar Maitatsine bakinsa ce, hannuwansa kuwa 'ya'yan mutane ne. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, to wannan baki ya yanka wuyan dubbai.

KWANA GOMA SHA ƊAYA

A ranar 26 ga Nuwamba 1980, Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ya aika masa da takarda, ya ba shi mako biyu ya rushe gine-ginen da ya yi ba bisa ƙa'ida ba. Maimakon ya tashi, sai ya aika wa mabiyansa na nesa su hallara. Ranar Alhamis 18 ga Disamba suka fito taro a filin Shahuci, 'yan sanda suka je tarwatsa su, sai reshe ya juye da mujiya. Mutanen da ke riƙe da baka da kibiya, da adda, da wuƙa, suka fatattaki masu bindiga, suka kashe wasu daga cikinsu, suka ƙone motocinsu. Daga nan sai magana ta bazu cewa harsashi ba ya cin 'yan Tatsine, wannan jita-jita kuwa ta yi musu aikin da makamansu ba su iya yi ba.

Kwana goma sha ɗaya Kano tana cikin wuta. Da abin ya gagari 'yan sanda, sai Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari ya ba da umurni soja su shiga, suka yi wa 'Yan Awaki ruwan manyan bindigogi. Shi Marwa ya sami rauni ya mutu, almajiransa suka binne shi a bayan gari. Hukuma ta tono gawar don jama'a su tabbata ya mutu, daga baya aka ƙone ta, don kada kabarinsa ya zama wurin ziyara. Ƙididdigar gwamnati ta ce mutum 4,177 suka halaka.

Da wutar ta mutu a nan, da sai mu ce an huta. Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Waɗanda suka tsira suka watsu. A watan Oktoba na 1982 rikici ya ɓarke a Bulumkutu, gefen Maiduguri, ya kuma tsallaka Rigasa a Kaduna. A watan Fabrairu na 1984 ya tashi a Jimeta ta Yola, ƙarƙashin wani almajirinsa mai suna Musa Makaniki. A watan Afrilu na 1985 ya sake tashi a unguwar Pantami ta Gombe. Har a 1993 an ga ɓurɓushinsa a Funtuwa. Watau mutumin da ya mutu a 1980, aka mai da shi toka, ya ci gaba da kisa shekara goma sha uku bayan haka.

SUNAN A CIKIN HARSHE

Mu ɗaliban Hausa ya kamata mu fara lura da sunan kansa, domin akwai tarihi a cikin ƙirarsa. Bahaushe zai ce “Allah ya tsine”, mu Sakkwatawa kuma mu ce “Allah shi tsine”. Shi kuwa da yake Hausar tasa ta baƙunta ce, jinsi kan kuɓuce masa, sai ya ce “Allah ta tsine”. Kanawa suka ɗauki wannan kuren harshe suka yi masa laƙabi da shi: Mai-ta-tsine. Da farko ba'a ce, irin wadda akan yi wa baƙo mai gurguwar Hausa. Sai ga shi sunan ba'a ya zama sunan firgita. Wannan “ta” da ke tsakiyar kalmar tana nan daram, kullum tana tuna wa mai ji cewa mutumin baƙo ne. Za mu ga amfanin da 'yan siyasa suka yi da wannan baƙuntar nan gaba.

Sa'an nan kalmar ta haihu. Aka sami “'yan Tatsine” ga mabiyansa. Aka kuma haɗa su da “'yan Ƙala-ƙato”, laƙabin da akan yi wa masu ƙin hadisi, wanda aka gina daga kalmar Larabci “ƙala”, watau “ya ce”, da ta Hausa “ƙato”, ma'ana zancen ba na kowa ba ne face na wani ƙato. Bayan haka sunan ya fita daga hannun mai shi ya zama sifa. A Dandin Mahe na sha jin an kira tsoho mai yawan tsinuwa Maitatsine, cikin raha. Na ji an kira yaro mai taurin kai haka. Na kuma ji an jefi mai wa'azin da ya zo da abin da ba a saba ji ba da wannan suna, a nan kuwa babu raha ko kaɗan, domin da zarar an liƙa wa mutum shi, an rufe kunne ga duk abin da zai faɗa, gaskiya ne ko ƙarya.

Labarinsa ma ya rikiɗe ya shiga sahun tatsuniya. In dattawa suna ba da shi a dandali, za ka ji zancen layu da tsafi, da ɓacewa, da harsashin da ke zama ruwa. Da wuya ka ji an tambayi su wane ne dubban samarin da suka mutu a bayansa, ko daga waɗanne ƙauyuka suka fito, ko me ya raba su da gida. Tatsuniya ta fi son dodo guda ɗaya, domin in laifi duka na dodo ne, to mutanen gari sun kuɓuta.

SUNAN A CIKIN SIYASA

Ya kai mai karatu, ka tuna cewa wannan abu ya faru ne a Jamhuriya ta Biyu, lokacin da jam'iyyar NPN ke riƙe da tarayya, PRP kuma ke riƙe da Kano. Tun gawawwaki ba su gama shiga rami ba aka fara nuna wa juna yatsa. Mutanen NPN suka ce gwamnatin Rimi ce ta yi sake, ta bar mutumin ya yi ƙarfi. Mutanen Rimi suka amsa da cewa 'yan sanda a hannun tarayya suke bisa tsarin mulkin 1979, gwamna ba shi da ikon tura ko da kurtu ɗaya. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Gaskiyar magana ita ce, mutumin ya yi shekaru yana girma a gaban idon sarauta, da soja, da farar hula, kowa na gani.

Wannan jayayya ba ta mutu ba, ta dai koma cikin yadda kowane yanki ke ba da labarin. A wajenmu, da yake Shehu Shagari ɗan gida ne, garinsa na maƙwabtaka da mu, kuma ƙasar Sakkwato ta NPN ce a wancan zamani, labarin da na tashi da shi shi ne na yadda Shehu ya murƙushe Maitatsine ya ceci Kano. Da na zo jami'a na zauna da 'yan'uwana ɗalibai Kanawa, sai na ji wasunsu sun tashi da wani daban, watau na yadda aka bar birni yana ci da wuta kwana da kwanaki kafin a turo soja. Abu ɗaya ne ya faru, amma kowa ya gaji rabin da ya dace da jam'iyyar kakansa.

Na biyu, sai zancen baƙi. A cikin watan da aka yi rikicin ne sojojin Libiya suka shiga Injamena ta ƙasar Chadi, saboda haka nan da nan aka fara cewa da hannun Gaddafi, wasu kuma suka ce da hannun Isra'ila. Gwamnatin tarayya ta kafa kotun bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu, wadda ta miƙa rahotonta a 1981, ba ta kuwa sami shaidar cewa wata ƙasa ce ta ɗauki nauyin abin ba. Cikin waɗanda aka kama, baƙi 'yan kaɗan ne, galibinsu daga Nijar, sauran duk 'ya'yan ƙasa ne. Duk da haka zancen “baƙi ne” ya fi daɗin faɗa. A ranar 17 ga Janairu 1983, watanni kaɗan bayan Bulumkutu, Ministan Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba da sanarwar korar baƙin da ba su da takardu, aka fitar da kimanin mutum miliyan 2, wajen rabinsu 'yan Gana. Babban dalili shi ne faɗuwar kuɗin man fetur da ƙaratowar zaɓe, amma sunan Maitatsine yana cikin hujjojin da aka kafa. Ka ji yadda malamin makaranta daga Kumasi, da mai ga-ruwa daga Tawa, suka biya bashin mutumin da ba su taɓa gani ba.

Na uku, sai dokar wa'azi. Bayan waɗannan tarzoma gwamnatoci suka shiga sa wa masu wa'azi takunkumi. Misali, a 1984 gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta kafa dokar da ta wajabta neman izini kafin a yi wa'azi, kuma da aka so sabunta ta a 2016 sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce. Duk lokacin da irin wannan muhawara ta taso, za ka ji wani ya jawo sunan Maitatsine, mai goyon baya ya ce ga abin da sakaci ke haifarwa, mai suka kuma ya ce ana fakewa da guzuma ne a harbi karsana.

Akwai wani abin lura kuma. A cikin watan Afrilu na wannan shekara ta 1980, watau wata takwas kafin rikicin Kano, 'yan sandan kwantar da tarzoma sun buɗe wuta a kan manoman Bakolori, a tsohuwar Jihar Sakkwato, waɗanda ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. Jini ya zuba a ƙasarmu, kusa da mu fiye da Kano. Amma ka tambayi sa'o'ina a Dandin Mahe, za ka tarar kusan kowa ya taɓa jin Maitatsine, ƙalilan ne suka taɓa jin na Bakolori. Kisan da ke da fuska ɗaya da suna ɗaya shi ake tunawa. Wanda aka yi da kaki da takardar umurni kuwa, mantuwa kan yi saurin binne shi.

WAƊANDA SUKA GAJI ZARGI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masana da suka yi nazarin wannan al'amari, irin su Paul Lubeck, sun nuna cewa mafi yawan mabiyan Marwa gardawa ne da 'yan cin rani, samarin ƙauye da suka shigo birni neman karatu da abin sawa a baka. A da, gardi kan zo da rani ya yi karatu, ya yi ɗinkin hula ko dako ko yankan farce, ya kwana a zauren wani attajiri, damina na faɗuwa ya koma gona. Fari na farkon shekarun 1970 ya kassara ƙauye. Kuɗin fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa kaya suka yi tsada a birni. Sababbin masu kuɗi suka gina gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe, babu zaure. Makarantar boko ta zama ita ce ƙofar samun aiki, allon gardi ya rasa kasuwa. To yaron da ke kallon agogo da rediyo da mota a hannun wasu, ya kuma san ba zai taɓa mallakarsu ba, in ya sami malamin da ya ce masa masu waɗannan abubuwa la'anannu ne, ai ya sami mai share masa hawaye.

Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. Wanda ya ɗauki adda ya sari maƙwabcinsa ya yi kisa, talauci ba ya kankare masa. Kuma dubun dubatar gardawa sun sha wannan wuya ba su bi Marwa ba, malaman allo na ƙwarai kuwa suna cikin waɗanda suka fara yi masa raddi. Amma bayan 1980 sai aka yi musu kuɗin goro. Almajiri, wanda a da ake ganinsa baƙon Allah mai neman ilmi, ya zama abin tuhuma. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasarmu ƙasar cin rani ce, da an kawar da gero da dawa samari kan kama hanyar birane, iyaye kuma har gobe suna miƙa 'ya'yansu ga malamai.

Me aka yi musu tun daga lokacin? A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya zo nan Sakkwato ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, aka gina irinta da dama a jihohi, da yawa daga cikinsu suka lalace don rashin kulawa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta loda almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu kamar kaya. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta kula da almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Watau sai da aka shekara 43 bayan 'Yan Awaki kafin a yi wa matsalar ofis nata na kanta.

KAMMALAWA

Dabarar shafe wuri don a shafe tarihi ba sabuwa ba ce a ƙasarmu. A kudu da birnin Sakkwato, ba nisa da Boɗinga, akwai kufan Satiru, garin da ya yi wa Turawan mulkin mallaka tawaye a watan Fabrairu na 1906, suka komo a watan Maris suka rushe shi ƙurmus, aka kuma tsine wa duk wanda ya sake gini a wurin. Ban haɗa mutanen Satiru da 'yan Tatsine ba, domin abin da suka tsaya a kai ya bambanta ƙwarai. Abin da ya yi kama shi ne tunanin mai mulki: a rushe, a ƙone, a ce an gama. Haka aka yi a Kano a 1980. Haka kuma aka yi a Maiduguri a watan Yuli na 2009, inda aka rushe cibiyar Muhammad Yusuf, shi kuma aka kashe shi a hannun 'yan sanda. Aƙidar Boko Haram daban take da ta Marwa, ba kuma reshenta ba ce, amma matakan iri ɗaya ne: a yi shekaru ana kallo, a wayi gari a yi luguden wuta, a kashe shugaba, mabiya su watsu, a kafa kwamiti, a ajiye rahoto. Kowa ya san abin da ya biyo bayan 2009. Mu ma a nan jihar mun ga yadda Lakurawa suka yi shekaru a dazukan Tangaza da Gudu kafin hukumar soja ta fito ta ambaci sunansu a 2024, nan take kuma aka koma waƙar nan ta da, cewa baƙi ne.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu na sashen Hausa. Dattawan da suka ga 1980 da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, a Fagge, da Bulumkutu, da Jimeta, har da ƙauyukanmu inda tsofaffin 'yan cin rani ke zaune. In muka tashi neman abin da za mu rubuta kundin kammala karatu a kai, mu je mu zauna da su, mu ɗauki maganarsu yadda suka faɗe ta, mu tambaye su sunayen ƙauyukan da yaran nan suka fito, da abin da ya hana su komawa gida da damina. Sunan Maitatsine ba ya bukatar taimakonmu, ya riga ya zauna a harshe. Mutum 4,177 ɗin nan ne ba su da mai ambatonsu.

Allah ya kiyashe mu da sharrin baki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.